Ruwan Yauri: Wanda Ya Fi Laka Shi Ya Fi Kumfa

Ga wani gwaji da ba ya buƙatar ɗakin bincike. A nemi kwalba biyu, a zuba ruwan Kwara da aka ɗebo a bakin ruwan Yelwa a ɗaya, a zuba na wata rijiyar cikin gari a ɗayar, a kankare sabulu daidai wa daida a kowace, a toshe a girgiza. Sau da yawa ruwan kogin, duk da lakarsa, shi zai cika kwalba da kumfa. Na rijiyar kuwa, da ke garau, sai ya yi wani fari-fari da ɗan kumfan da ke mutuwa nan take. Matan da ke ɗaukar kayan wanki niƙi-niƙi zuwa bakin kogi sun san haka tun kafin a haifi masu gwaje-gwaje: sabulu ya fi auki a can.

Abin da ke cin sabulun sinadarai biyu ne da ruwa ke lasowa daga duwatsun da ya ratsa a ƙarƙashin ƙasa, wato kalsiyam da magnesiyam. Suna haɗuwa da sabulu sai su kama shi su mai da shi wani dattin da ke maƙalewa a gefen baho da jikin tufafi, kuma kumfa ba zai tashi ba sai sun ƙoshi. Su ne dai suke barin farin ɓawon nan a gindin butar mai shayi. Ruwan da suka yi yawa a ciki shi ne ruwa mai nauyi. Garin omo bai cika damuwa da su ba, shi ya sa ya fi karɓuwa a unguwannin da rijiyoyinsu ke da nauyi.

Ma'aunin

Ana auna nauyin ruwa da miligiram a kowace lita. Ƙasa da 60 ruwa ne marar nauyi, daga 60 zuwa 120 matsakaici, daga 120 zuwa 180 mai nauyi, abin da ya haura nan kuwa ya yi nauyi ainun. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya, wadda hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta fitar a 2007, ta tsaya a kan 150. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ba ta sa wa nauyin ruwa wata iyaka ta fuskar lafiya ba, domin ba a tabbatar yana cutar da mai shansa ba. Kalsiyam ɗin ma ai shi ake nema a madara. Wato abin da aka fi yin ƙorafi a kansa, shi ne mafi ƙarancin haɗari cikin duk abubuwan da za su biyo baya.

Ruwan teku nauyinsa ya haura 6,000. Duk wanda ya taɓa gwada wanka da sabulu a bakin tekun Legas ko na Kwatano ya san aikin banza ne.

Kogin da ya yi doguwar tafiya bai kwaso komai ba

Kwara ya taso ne daga tsaunukan Gini, kimanin kilomita 240 kacal daga teku, amma ya juya wa tekun baya ya nufi bakin Sahara, ya bi ta Bamako da Yamai da Gaya kafin ya shigo Jihar Kebbi. Tsawonsa gaba ɗaya ya kai kusan kilomita 4,200. Mai hankali zai ce ruwan da ya yi wannan tafiya ya kwaso gishirin duniya. Bai kwaso ba. Ƙasar da ya fito tsohuwa ce ƙwarai, ruwan sama ya riga ya wanke duk abin da ke narkewa a duwatsunta tun zamanin da ba a iya ƙirgawa. Duk abin da ke narke a lita ɗaya ta ruwan tafkin Kainji bai kai miligiram 100 ba, alhali lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da 35,000.

A hau mota a nufi arewa kuma a ga akasin haka. Kewayen Sakkwato na zaune ne a kan farar ƙasar Kalambaina, wadda saboda ita aka kafa masana'antar siminti a can. Rijiyar da ta faɗa cikin wannan shimfiɗa ruwanta nauyi gare shi, domin dutsen kansa kalsiyam ne. Ƙasar Yauri da Ngaski da Shanga kuwa galibinta tsohon dutse ne mai tauri, irin wanda ya miƙa har Zuru. Ruwan ƙarƙashinsa ba shimfiɗe yake ba, a cikin tsaga yake ɓuya, kuma kowace tsaga da irin ɗanɗanonta. Shi ya sa za a haƙa burtsatse a gidan nan a sami ruwa, a haƙa a gidan maƙwabci a ci mita da yawa sai ƙura. Ba hannu aka sa wa kowa ba.

Farin ruwa da baƙin ruwa

Wannan shi ne abin da ya fi ba ni mamaki a sha'anin Kwara: sau biyu yake cika a shekara, kuma cikar biyu ba su yi kama da juna ba ko kaɗan.

Ta farko tana zuwa ne a tsakiyar damina, daga Agusta zuwa Oktoba, da ruwan da aka yi a nan kusa, wanda Gulbin Kebbi da sauran rafuka suka kwaso daga gonakin Sakkwato da Zamfara da Kebbi. Yana tafe da wani yumɓu mai laushin gaske wanda ba ya son kwanciya, sai kogin ya koma fari-fari kamar an dama koko. A tsoma hannu zuwa gwiwar hannu, ba za a ga yatsu ba. Shi ne farin ruwa. A Yamai, inda ƙasar da ruwan ke wankowa ja ce, jan ruwa suke ganin tasu cikar ta damina.

Ta biyu kuwa sai an shiga hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ko ɗigo ba a yi a ƙasar Yauri. Ruwan daminar Gini ne, wanda ya sauka tun watanni da suka wuce. Abin da ya tsai da shi a hanya wata makekiyar fadama ce a tsakiyar Mali, tsakanin Segu da Tumbutu, inda kogin ke bazuwa ya yi ta rarrafe cikin ciyayi. A nan rana ke shanye kaso mai yawa na ruwan, a nan kuma lakarsa ke kwanciya. Abin da ya tsira sai ya iso mana a tace, mai duhu-duhu saboda zurfi da haske. Shi ne baƙin ruwa. To ga shi nan: fari shi ne mai datti, baƙi shi ne mai haske. Masunta sun san kowanne da irin kamunsa da irin komarsa, mai aikin tace ruwan famfo kuma ya san a wane wata ne buhunan alif za su ƙare da wuri.

Tafkin da ba ya riƙe ruwa

An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka toshe kogin a 1968, tafkin ya miƙa kimanin kilomita 135 zuwa arewa har ya kai Yelwa. Ya haɗiye tsohuwar Busa da gungu da yawa, aka tashi mutane sama da 40,000, cikinsu har da Gungawa da suka saba kwana da tashi a tsakiyar ruwa. Amma duk girmansa, ruwan da ke ratsa shi a shekara ya ninka abin da yake iya riƙewa kusan sau huɗu. Ruwan da ka gani a Wara, bakin tafkin, da azumi ba shi za ka tarar da babbar salla ba.

Kuma a kowace shekara yana sauka da kusan mita 10 tsakanin cikarsa da janyewarsa. A inda gaɓa ke kwance, wannan na nufin bakin ruwa ya gudu nesa. Manomi ya samu danshin shuka, Bafulatani ya samu ciyawar burgu, yarinyar da ke ɗiban ruwa kuma tafiyarta ta ƙaru, ta iske shanu sun riga ta.

Da bazara, idan saman tafkin ya ɗumama, ruwan sama da na ƙasa sukan daina gauraya. Na can ƙasa wajen madatsa, inda zurfi ya kai kusan mita 60, iskarsa kan ƙare har kifi ya ƙaurace masa. Shigowar sabon ruwa ce ke sake juya shi. Masana a cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa, wadda ta samo asali tun 1968, sun daɗe suna bin diddigin wannan.

Gidan ruwa na sayen nauyi da kuɗi

Ruwa marar nauyi ma da nasa halin. Alif ɗin da ake zubawa don kwantar da laka yana ƙara wa ruwa tsami, ruwan Kwara kuma ba shi da isasshen sinadarin da zai kashe wannan tsamin. Don haka duk gidan ruwan da ke tace irinsa sai ya ƙara da garin farar ƙasa. Wasu garuruwan na kashe kuɗi su cire kalsiyam, a nan sai an saya an zuba. In ba a yi ba, ruwan zai dinga cin bututun ƙarfe daga ciki har ya huda shi, famfo ya riƙa kawo ja-ja da safe. Birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan ya sha wannan: ruwansa na tafki ne marar nauyi, tsofaffin bututunsa kuma na dalma, ruwan ya yi shekaru yana lasar dalmar yana kai wa mutane. Landan da ke kan farar ƙasa kukanta daban, butocinta ne kullum cikin ɓawo.

Bututun da ba ya samun ruwa kullum ya fi kowanne haɗari. Idan aka ɗauke ruwa, duk inda ya tsage yakan zuƙo abin da ke kewaye da shi, kuma mun san ta cikin kwata yawancin bututunmu ke bi. Ruwan farko da ya zo bayan an daɗe ba a kawo ba, a bar shi ya zuba.

A madafa

Wake ya fi daɗewa bai nuna ba a ruwa mai nauyi, domin kalsiyam na ƙara ɗaure fatarsa. Kanwar da uwargida ke jefawa ita ke kwance wannan ɗaurin. Idan amarya ta koma wata unguwa ta ga wakenta ya ƙi, kafin uwar miji ta ce, "'Yar nan, wa ya koya miki girki?" a fara tambayar daga wace rijiya mai garuwa ke ɗebowa.

Shayin da aka dafa da ruwa mai nauyi yakan yi wata 'yar yana a sama, launinsa ya dushe. Wanda aka dafa da ruwan da ke da ƙarfe a ciki kuwa sai ya yi baƙi ƙirin. Zoɓo ma da ya ji kanwa ko toka jansa ke komawa duhu.

Tafasawa na rage wani kaso na nauyin ruwa, shi ne ɓawon da ke zama a tukunya. Wato ɓawon nan shaida ce cewa abin ya fita daga ruwan.

Ruwan da ke sauya launi a bokiti

Akwai burtsatsen da ruwanta ke fitowa tas, a ajiye shi awa ɗaya ko biyu sai a tarar ya yi ja, da wani abu kwance a gindin bokiti. Ƙarfe ne narkakke, wanda ba ya bayyana sai ya shaƙi iska ya zama tsatsa. Ƙa'ida ta ce kada ya wuce miligiram 0.3 a lita, kuma dalilin ba ciwo ba ne, ɗanɗano ne da ɓata farar shadda. Maganinsa ma mai sauƙi: a zuba shi daga sama ya sha iska, a bar shi ya kwanta, a tace da yashi. Sau da yawa jama'a kan guji irin wannan burtsatse saboda launi su koma kogi, alhali ruwanta ya fi na kogin aminci nesa ba kusa ba.

Masu kuɗin Legas ma ba su tsira ba. A unguwannin Lekki da Aja, da aka gina a kan yashi tsakanin teku da tafki, mutum zai gina gidan miliyoyi ya haƙa burtsatse, ruwan ya fito ruwan ɗorawa mai ƙarni, ko kuma mai zartsi. A bakin teku ruwan daɗi yana kwance ne a kan na gishiri a ƙarƙashin ƙasa, kuma lissafin masana ya nuna idan aka zuƙe na saman ya sauka da mita 1, na gishirin kan taso da kusan mita 40. Kowa ya sa injinsa, kowa na jawo wa maƙwabcinsa teku. Ƙarshenta tankar ruwa suke saye. Mutumin Yauri ko ya haƙa rijiya a bakin gaɓa ba abin da zai taso masa sai ruwan daɗi.

Tibiri

Wanda yake ganin ruwa mai haske ba ya cutarwa, ya tambayi mutanen Tibirin Gobir, kusa da Maradi. A tsakiyar shekarun 1980 aka haɗa garin da wata rijiya mai zurfi, ruwa garau, ba wari ba ɗanɗano. Ashe sinadarin fulorayid ya yi yawa a ciki. Kaɗan daga cikinsa na ƙarfafa haƙori, har a man goge baki ake sa shi, amma idan ya wuce miligiram 1.5 a lita sai ya fara rina haƙora, in ya ƙara yawa ya shiga ƙashi. An kai wajen shekara 15 ana sha kafin a rufe rijiyar, bayan dubban yara sun taso da haƙora masu tsatsa, wasu da ƙafafu a lanƙwashe. A gida Najeriya ma ana ganin irin haƙoran nan a wajen Langtang da Kaltungo. A Bangaladash kuwa gubar asenik ce ta fito daga miliyoyin famfunan tuƙa-tuƙa da aka haƙa don a raba mutane da ruwan kududdufi.

Tafasa ruwa ba ya fitar da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Yana kashe ƙwayoyin cuta, amma fulorayid da dalma da sinadarin takin zamani suna nan, har ma su ɗan ƙaru idan ruwan ya ƙone.

Zinariya na wanka a inda ake sha

Ƙasar Yauri da Ngaski ƙasar zinariya ce, kuma Kebbi na cikin jihohin da aka fara shirin gwamnatin tarayya na sayen zinariyar ƙananan mahaƙa, wanda aka nuna sandarsa ta farko a Abuja a Yulin 2020. Arziki ne, ba musu. Sai dai dutsen zinariya sai an niƙa shi, an wanke shi, sannan a kama ƙwayar da zaiba. A Zamfara a 2010 dutsen da ake niƙawa a tsakar gida ya zo da dalma, yara sama da 400 suka rasu. A 2015 aka sake gani a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Zaiba kuwa idan ta shiga ruwa ba ta tsayawa a ruwan, tana shiga ƙananan halittu, ƙaramin kifi ya ci su, babba ya ci ƙarami, ta yi ta taruwa har ta kai ga giwan ruwa. Haka ta faru a Minamata ta Japan, inda aka gano cutar a 1956 a tsakanin iyalan masunta. Garin da kasuwar kifinsa ke ciyar da jama'a da yawa bai kamata ya bar wurin wankin zinariya kusa da rafin da ke zuba a tafki ba.

Haka batun masu zuba guba don kama kifi. Da magimfa ake yi, daga baya aka koma maganin ƙwari irin su Gamalin 20, wanda duniya ta amince a daina amfani da sinadarinsa a gona tun 2009. Mai yin haka a saman ruwa, na ƙasa yake shayarwa.

Alif da zogale

A lokacin farin ruwa, ga yadda ake yi a gidaje da yawa a bakin tafki. A cika randa, a ɗauko ɗan dunƙulen alif, a riƙe shi a hannu a zagaya da shi cikin ruwan sau kaɗan, a cire. Can sai a ga lakar ta fara haɗuwa gutsi-gutsi, tana sauka a hankali, saman yana washewa, har a hango gindin randar. Ƙwayoyin yumɓun nan ture juna suke yi, shi ya sa ba sa kwanciya, alif ke sa su rungumi juna su yi nauyi.

'Ya'yan zogale ma na yin wannan aikin. A ɓare busassu, a daka farar ƙwayar, a dama da ɗan ruwa a zuba, kimanin ƙwaya ɗaya ga lita ɗaya idan lakar ta yi yawa. Matan ƙauyukan bakin Nilu a Sudan sun daɗe suna yi kafin masana su je su rubuta. Ya fi alif da abu ɗaya, ba ya ƙara tsami, amma ruwansa ba ya son kwana.

Dukansu biyu share fage suke yi. Ruwan ya washe, ƙwayoyin cuta sun ragu, amma ba su ƙare ba. Sai an tafasa, ko a sa kulorin a jira minti 30, ko a zuba a farar gorar roba a shanya a rana mai ƙarfi na awa 6. Kulorin a ruwa mai laka kusan asara ce, lakar ke cinye shi.

Wadda ba sai an sha ba

Tsargiya ta fata take shiga. Tsutsarta na girma ne a jikin wani ɗan ƙaramin dodon koɗi da ke maƙale da ciyayin bakin ruwa, ta fito ta huda fatar mai wanka ko mai wanki ko mai jan koma. Mai ɗauke da ita ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya koma wa dodon koɗin. Ruwa mai kwanciya irin na tafki ya fi mata daɗi fiye da kogi mai gudu, kainuwar nan baƙuwa mai shuɗin fure, 'yar asalin Kudancin Amurka, da ta mamaye tafkin a shekarun 1990, ta ƙara mata maɓoya. Abin mamakin shi ne tsutsar ba ta da tsawon rai a waje: ruwan da aka ɗebo aka ajiye kwana biyu ya kuɓuta daga gare ta. Jan fitsarin yaro kuma ba alamar girma ba ce, a kai shi asibiti, maganin ƙwaya ne ana sha sau ɗaya.

Kurkunu kuwa an gama da ita. A 1988 an ƙirga masu ita sama da 650,000 a Najeriya. Ba allura, ba magani, babban makamin ƙyallen tace ruwa ne da hana mai ciwon shiga tafki. Janar Yakubu Gowon, wanda ya buɗe madatsar Kainji a 1969, shi ne ya yi ta yawo ƙauyuka kan wannan yaƙi bayan ya bar mulki. An ga ta ƙarshe a 2008, aka ba ƙasar takardar shaida a 2013.

Ƙyalle ya yi aiki a kan kwalara ma. A wani bincike da aka buga a 2003, matan ƙauyukan Bangaladash da suka riƙa tace ruwa da tsohon zane ninki huɗu sun rage kamuwa da cutar da kusan rabi. Tsohon zane ya fi sabo, domin wanki ya riga ya matse zarensa.

Harshe ma na ruɗi

A 1854 kwalara ta ɓarke a wata unguwa a Landan, likita John Snow ya bi sawu ya gano famfo ɗaya ne tushenta. Cikin waɗanda suka mutu har da wata tsohuwa da ke zaune nesa da unguwar, wadda ta sa ake kai mata ruwan famfon nan a keken doki kullum saboda ya fi mata daɗi. A 2021 Najeriya ta ga masu kwalara sama da 100,000, fiye da 3,500 suka rasu, akasari a Arewa.

Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa ruwan da lakar mazauninsa ta sauya masa launi yana nan da tsarkinsa, don haka alwala da farin ruwa ta inganta. Wannan hukuncin ibada ne. Ba su ce a ba jariri ya sha ba.

Kuma mafi yawan ruwan da ke ɓaci, a gida yake ɓaci. Ya fito daga burtsatse lafiya lau, ya shiga jarkar da ba a taɓa wanke cikinta ba, ya sauka a randa marar murfi, sannan moɗa ɗaya ta yi ta shiga da fita a hannun kowa, daga mai gida har yaron da ya fito daga bayan gida. Rijiyar da ke ƙasa da mita 30 daga masai ita ma abin tuhuma ce, komai sanyin ruwanta.

Yanzu burtsatse na ƙaruwa a ƙauyukan bakin tafki, wasu daga hukumar HYPPADEC mai kula da yankunan madatsun lantarki, wasu daga gwamnatin jiha, wasu daga 'yan siyasa da masu neman lada. Madalla. Amma ranar da aka zo buɗe sabuwa a garinku, bayan an yi addu'a an ɗauki hoto, dagaci ko limami ya tambayi wanda ya haƙa takardar gwajin ruwan, wadda ta nuna ƙwayoyin cuta, da fulorayid, da dalma, da ƙarfe, da sinadarin taki.  In babu takardar, a nemi a yi kafin yara su fara sha.